Yadda Ake Zaɓen Bindigar Ɗuri Mai Sauƙin Kuɗi Don Farautar Barewa a Amurka

Ranar da wani maƙwabcina a jihar Ohayo ya fara nuna mini bindigar da yake fita da ita a watan Janairu, dariya ce ta kama ni. Na ga ya zuba albarushi ta baki, ya ɗora harsashi, ya danna da sanda. Na ce masa ai wannan harba-ka-ruga ce, irin wadda 'yan bindigar sarki ke cika gari da hayaƙinta ranar hawan sallah. Ashe kamar da suka yi a wajen ɗuri ce kawai. Tasa tana da zane murɗaɗɗe a cikin bututu, ga madubin saiti a sama, kuma daga yadi 100 yana tara harsashi uku a wurin da bai fi tafin hannu ba.

Abin da ke sa mutanen nan komawa ga bindigar ɗuri alhali ga bindigogin zamani jibge a shago shi ne, yawancin jihohi sun ware mata lokacin farauta nata na kanta. A Ohayo kwana huɗu ne a farkon Janairu, lokacin da dajin ya yi shiru, taron mafarautan ƙarshen Nuwamba ya watse. Ga ɗan'uwan da ke zaune a ƙasar nan yana sha'awar cika firiza da naman barewa mai farar wutsiya, wannan hanya ce mai sauƙin shiga. Ra'ayina kuwa tun daga farko shi ne: bindigar dala 300 tana kayar da barewa daidai da ta dala 1,000, muddin ka saye ta daidai da dokar jiharka, ka bar sauran kuɗin don albarushi da gwaji.

Mataki na farko: karanta dokar jiharka kafin ka leƙa shago

Kada ka tsallake wannan. Kowace jiha tana fitar da ɗan littafin dokokin farauta duk shekara, kyauta ne a intanet da shagunan kayan farauta. Bindigar da ta halatta a wata jiha takan zama laifi a maƙwabciyarta.

Dubi Fensilbeniya. Tana da lokacin farauta da ke farawa bayan Kirsimeti wanda ba a yarda da kowace bindiga ba sai mai ƙyastu, wato wadda dutsen ƙanƙara ke bugun ƙarfe ya fitar da tartsatsi, kuma faɗin bakinta ya kai .44 na inci. A Kolorado, lokacin bindigar ɗuri an hana madubin saiti, an hana albarushin da aka dunƙule, an hana harsashi mai rigar roba, wato wanda ake sawa a kofin roba ya cika bututu. Ohayo kuwa ta sassauta: baki ya kai .38, ka sa madubinka. Kalifoniya tun 1 ga Yuli 2019 ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, sai na jan ƙarfe da makamantansa.

Saboda haka ka rubuta amsar tambayoyi huɗu a takarda: wace irin wuta aka yarda da ita, an yarda da madubi ko a'a, wane irin harsashi da albarushi, kuma mene ne mafi ƙanƙantar faɗin baki. Wannan takardar ita za ta zaɓa maka rabin bindigar.

Sai batun mallaka. A dokar tarayya, bindigar ɗuri da ba ta karɓar harsashin zamani tana cikin ajin bindigogin gargajiya, shi ya sa a jihohi da yawa ake sayar da ita ba tare da cike takardar binciken tarayya ba. Amma Niyu Jazi da Ilinoyi suna ɗaukarta kamar kowace bindiga, sai da katin izini. Haka kuma irin waɗanda ake iya cire bututunsu a sa na harsashin zamani, kamar Encore ta kamfanin Thompson/Center, bindigogi ne cikakku a idon doka. Wanda yake zaune da bizar karatu ko ta aiki, ya tambayi lauyan da ya san harkar shige da fice tukuna. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba a tarar sa da gangan. Lasisin farauta da takardar izinin barewa dole ne, kuma mai sayen lasisi karo na farko a Ohayo sai ya yi kwas ɗin koyon farauta, ko ya ɗauki lasisin ɗan koyo ya fita tare da gwani.

Mataki na biyu: zaɓi irin wutar

Iri uku ne. Akwai mai ƙyastu da na ambata. Akwai mai 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan wani ɗan nono a gefen bututu, guduma ta buge ta. Waɗannan biyun su ne na gargajiya, irin fasalin bindigar da 'yan'uwa biyu, Jacob da Samuel Hawken, suka yi suna da ita a birnin San Luwis a ƙarni na 19. Na ukun ita ce ta zamani, wadda wutarta ke shiga kai tsaye daga bayan albarushi. Wani maƙeri mai suna Tony Knight ne ya yaɗa wannan fasalin a 1985 da bindigarsa MK-85. Yawancin na yanzu ana karya su ne a tsakiya kamar bindigar harbin tsuntsu, a saka ƙwayar tartsatsi mai lamba 209, wadda 'yan shago ke kira firaima, a rufe.

Idan dokar jiharka ba ta tilasta maka ta gargajiya ba, ɗauki ta zamani mai karyewa. Ita ce mafi arha, ita ce mafi sauƙin wanki, kuma ƙwayar tartsatsinta a rufe take, ruwan sama da dusar ƙanƙara ba sa taɓa ta. Mai ƙyastu tana da daɗi a hannun wanda ya iya, ni ma ina sha'awarta, amma tana son haƙuri: tsakanin jan kunama da tashin harsashi akwai ɗan jinkiri da ke sa sabon hannu ya kauce, kuma mai ƙyastu mai arha sau da yawa ƙarfen bugunta ba ya ba da tartsatsi sosai. Idan Fensilbeniya ce wurinka, nan ne wurin da ƙarin kuɗi ke da amfani.

Mataki na uku: faɗin baki da murɗin zane

Faɗin baki ba ya buƙatar dogon tunani. Ɗauki .50, wato rabin inci. Ya cika sharaɗin barewa a kusan ko'ina, kuma kowane shago na ƙauye yana da kayansa. Masu .45 suna da hujjarsu, amma ranar da harsashi ya ƙare maka a tsakiyar lokacin farauta za ka san bambanci.

Murɗin zane shi ne abin da mutane ke mantawa. A jikin bututu ko a kwali za ka ga an rubuta 1:28 ko 1:48 ko 1:60. Ma'anar 1:28 ita ce harsashi yana juyawa sau ɗaya cikin inci 28. Murɗi mai sauri irin wannan shi ke riƙe dogon harsashi na zamani ya tafi a miƙe. Mai 1:60 ko 1:66 na ƙwallon dalma ne da ake naɗewa da ƙyalle. Mai 1:48 tsaka-tsaki ne, yana ɗaukar ƙwallo da gajeren harsashi, shi ake samu a yawancin na gargajiya masu arha irin Deerhunter ta kamfanin Traditions. Kada ka sayi bututun ƙwallo sannan ka ɗura masa dogon harsashi kana mamakin abin da ya sa yake faɗa wa takarda a kaikaice.

Mataki na huɗu: waɗanda suka cancanci a duba

A ƙasan kasuwa kamfanoni biyu ne ke riƙe da wuri, CVA da Traditions, kuma dukansu a Sifaniya ake ƙera musu bindigogin. CVA tana da Wolf: bututu inci 24, murɗi 1:28, nauyi bai kai kilo 3 ba. Traditions tana da Buckstalker, mai tsawon bututu iri ɗaya. Farashinsu yakan zauna wajen dala 250 zuwa 350, gwargwadon shago da lokaci, kuma akan haɗa su da madubi a kwali ɗaya da ƙarin kuɗi kaɗan. Sama da su kaɗan akwai Optima ta CVA da Pursuit ta Traditions, masu bututu inci 26. Impact ta Thompson/Center ma bindiga ce mai kyau, sai dai an dakatar da kamfanin a 2021 kafin ya sake samun mai shi a 2024, don haka yawanci ta hannu za ka samu.

Abin da nake dubawa a kowace shi ne matoshin gindin bututu. Wannan wani ɗan ƙarfe ne mai zare da ke toshe bayan bututu, cikinsa akwai ƙaramar kafar da wuta ke bi. A tsofaffin bindigogi sai da sifana ake cire shi, wani lokaci har da gumi. A Wolf da Buckstalker na yanzu da yatsu ake kwance shi. Amfaninsa biyu: wanki ya zama na minti goma sha biyar, kuma idan ka dawo ba ka yi harbi ba, sai ka cire matoshin ka turo albarushi da harsashi waje ba tare da ka tayar da unguwa ba.

Idan akwai ƙarin kuɗin da zan ce ka kashe a jikin bindigar kanta, to a kan ƙarfen bututu ne. Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu idan tokar albarushi ta kwana a ciki. Farin ƙarfe mai jure tsatsa, ko wanda aka yi wa turin naitarayid mai hana tsatsa, yana yafe wa malalaci kuskure ɗaya ko biyu. Ƙota mai zanen ganye kuwa ado ne, barewa ba ta damu ba, tunda kai kanka a yawancin jihohi doka ta sa ka saka riga ruwan lemo mai ƙyalli.

A shagon, ɗora ta a kafaɗa da rigar sanyi a jikinka, domin da ita za ka yi harbin. Idonka ya faɗa kan saiti ba tare da ka miƙa wuya ba. Ka tambayi mai shago ya bar ka ka taɓa kunama. Mai tauri ƙwarai tana janye baki daga inda ka nufa.

Idan ta hannu za ka saya

A nan ake samun rahusa, a nan kuma ake shan kashi. Abu na farko, zura sandar ɗuri a bututu ka gwada tsawonta da na waje. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an sayar da bindiga da tsohon ɗuri a cikinta, mai ita ya manta shekaru. Na biyu, a cire matoshin a gabanka. Idan ya ƙi fita, ajiye ta ka yi gaba. Na uku, haska tocila ka leƙa. Ɗan ja-ja a sama yana goguwa, amma ramuka kamar zanzana kusa da gindi alamar an bar ta da toka ne. Kuma idan CVA ce tsohuwa, dubi lambar jikinta: kamfanin da kansa ya janye bindigogin ɗuri na zamani da ya ƙera a 1995 da 1996, waɗanda lambarsu ke ƙarewa da 95 ko 96, saboda matsalar bututu. Kada ka harba irin wannan ko kyauta aka ba ka.

Mataki na biyar: albarushi da harsashi

Ga dokar da ba ta da sassauci: albarushin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ba ya shiga wannan bindiga. Ko launinsa baƙi ne. Ƙarfinsa ya ninka abin da aka yi bututun dominsa, yana fasa shi a fuskar mutum. Baƙin albarushi na asali kawai, ko waɗanda aka yi musamman don maye gurbinsa.

Na asalin, irin su GOEX da Swiss, mai lambar FFg ake sa wa .50. Shi kaɗai ne ke kamawa da kyau a mai ƙyastu, tare da mai laushi FFFFg a ɗan kaskon wuta. Na madadi su ne Pyrodex da Triple Seven da Blackhorn 209. Biyun farko ana samunsu gari, ana samunsu a dunƙule. Dunƙulen yakan zo giren 50 kowanne (giren shi ne awon albarushi da harsashi), ka jefa biyu ka samu giren 100, ba awo ba zubewa. Ga sabon shiga wannan ya fi sauƙi, in jiha ta yarda. Garin kuwa ya fi arha kuma yana ba ka damar ragewa ko ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da ma'aunin cika ake auna shi, ba da sikeli ba. Blackhorn 209 ya fi su tsabta da tsada, amma a bindigogin CVA yana buƙatar matoshi na musamman, kuma ba a wuce giren 120 da shi.

Za ka ga an rubuta a kwali cewa bindigar tana ɗaukar giren 150, dunƙule uku. Tana ɗauka, amma ba ka buƙata. A bututu inci 24 wani ɓangaren albarushin a waje yake ƙonewa, abin da za ka samu shi ne naushi a kafaɗa da tsoron kunama. Giren 80 zuwa 100 ya ishi kowace barewa a cikin yadi 150. Littafin da ya zo da bindigar shi ne alƙali a kan iyakar ɗuri.

Harsashi mai nauyin giren 240 zuwa 300 shi ne na barewa. Mai rigar roba, kamar SST na Hornady mai giren 250, ƙaramin harsashi ne na .45 da aka sa a kofin roba ya cika bututun .50, robar tana faɗuwa bayan ya fita. PowerBelt kuwa cikakken faɗi ne, ya fi sauƙin dannawa da hannu mai sanyi. Sayi iri biyu ko uku ƙananan fakiti, domin kowane bututu da abin da yake so.

Ka ware wajen dala 100 zuwa 150 don tarkace: ma'aunin albarushi, gajeriyar sandar fara ɗuri, doguwar sanda mai ƙarfi ta filin gwaji, ƙyallayen goge bututu, buroshi, man shafa zaren matoshi, ƙwayoyin 209, da 'yan bututan roba uku da ake zuba ɗuri a ciki a sa aljihu. Madubi mai ƙara girma sau 3 zuwa 9 ya wadatar. Ka tabbata yana da tazara daga ido, in ba haka ba zai sare maka gira.

Mataki na shida: ranar gwaji

Bindiga ba ta zama taka sai ka ƙona mata aƙalla ɗuri ashirin zuwa talatin a filin gwaji. Sabuwa tana zuwa da mai a bututu, goge shi tas. Tabbatar babu komai ciki, ka nufi ƙasa a gabanka ka fasa ƙwayar tartsatsi ɗaya ko biyu don busar da kafar wuta. Daga nan sai ɗuri. Gindi a ƙasa, baki yana kallon nesa da fuskarka, babu ƙwayar tartsatsi a ciki. Zuba albarushi daga gwangwani zuwa ma'auni, rufe gwangwanin, sannan daga ma'auni zuwa bututu. Ba a zubawa kai tsaye daga gwangwani, domin idan akwai sauran garwashi a ciki, gwangwanin duka ne zai tashi a hannunka. Ɗora harsashi, fara da gajeriyar sanda, ƙarasa da doguwa har ka ji ya zauna daram a kan albarushi. Gibi tsakanin harsashi da albarushi yana kumbura bututu ko ya fasa shi.

Yanzu ka yi abin da zai cece ka wata rana: da sandar tana ciki, zana mata alama daidai bakin bututu. Duk ɗurin da alamar ta tsaya a sama, ko dai harsashi bai zauna ba, ko ka yi ɗuri biyu. Ƙwayar tartsatsi ita ce ta ƙarshe, sai ka fuskanci abin harbi. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, riƙe ta a haka tana kallon gaba na minti ɗaya cur, don wani lokaci wutar tana cin hanya a hankali. Bayan haka ka cire ƙwayar, ka sake danna harsashin ya zauna, sannan ka sa sabuwa.

Fara daga yadi 25, ka koma 50, ka ƙare a 100. Harbi uku-uku, kana goge bututu da ƙyalle mai ɗan laima sannan busasshe tsakanin kowane harbi. Triple Seven musamman yana barin wani zobe mai tauri kusa da gindi wanda ke yaudarar mutum ya ɗauka harsashi ya zauna. Ma'aunina shi ne farantin takarda: nisan da kake iya sa kowane harbi a cikinsa, daga irin zaman da za ka yi a daji ba daga tebur ba, shi ne iyakarka. Ga yawancinmu yadi 100 ne zuwa 125. Bayan 150 harsashin yana sauka da sauri.

Da ka dawo gida, a daren nan za ka wanke ta. Tokar baƙin albarushi da Pyrodex tana jan laima ta ci ƙarfe. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu ya isa. Blackhorn ne kaɗai ke son man wankin bindiga maimakon ruwa. Jiƙa matoshi, tsokace kafarsa har ka ga haske, busar da komai, shafa mai sama-sama a bututu, ka shafe zaren matoshi da mansa kafin ka mayar. Na taɓa barin tawa kwana uku bayan wata farauta saboda gajiya, matoshin ya kafe, sai da ya kwana biyu a jiƙe cikin mai kafin ya motsa.

A daji

Idan ana ruwa ko dusar ƙanƙara, liƙa ɗan salatif na lantarki a bakin bututu; iskar da ke gaban harsashi za ta ture shi. Bindiga mai ɗuri da ta yini a sanyi kada ka shigar da ita ɗaki mai ɗumi, gumin ƙarfe zai jiƙa albarushin. Cire ƙwayar tartsatsi ka kulle ta a wuri mai sanyi inda yara ba sa kaiwa. Haka nan ka cire ƙwayar kafin ka hau bishiya, ka tsallake shinge, ko ka shiga mota.

Harbi ɗaya gare ka, don haka jira barewa ta ba ka gefe, ka nufi bayan kafaɗar gaba inda huhu da zuciya suke, ka yi bisimilla ka ja. Farin hayaƙi zai rufe maka ido na ɗan lokaci, saboda haka ka saurari inda ƙarar gudu ta nufa, ka riƙe wata bishiya a matsayin alamar inda ta tsaya. Sake ɗuri kafin ka taka ko'ina. Idan ba a gabanka ta faɗi ba, ba ta kamar minti talatin sannan ka bi jini. In ka tarar da sauran rai, wuƙarka ta kasance a kusa ka yanka. Daga nan ka cika takardar izininka a wurin kafin ka ja ta, ka kuma kai rahoton kamun ta waya ko intanet cikin wa'adin da jiharka ta gindaya.